Gargaɗi ga Jama'ar Njamena: A Dakata da Tura Kuɗi Cikin Tiredin na Waya

Jama'ar Njamena, manya da yara, musamman samarinmu da iyayen da ke ba su jari: duk wanda ke shirin tura kuɗi cikin abin da ake kira tiredin ko foreks ya dakata tukuna. Wanda ya riga ya tura, kada ya ƙara ko sefa biyar sai ya karanta wannan takarda zuwa ƙarshe. Wanda kuma aka ce masa sai ya biya wani haraji kafin a sakar masa kuɗinsa, ya sani an riga an cuce shi, kada ya biya.

Tallan ya shigo mana har cikin ɗaka. Ana turo shi ta WhatsApp da Telegram da TikTok da Facebook: saurayi jingine da mota mai tsada, ga fuskar waya cike da korayen lambobi, yana cewa shi daga kan gadonsa yake cinikin zinariya da ɗanyen mai da dalar Amurka, kai ma da jaka ashirin kacal za ka fara. Wani ya kira kansa mai horarwa ya kama zauren otal, wani yana sayar da siginal, wato ya riƙa gaya maka lokacin saye da lokacin sayarwa, wani ya ce kawo kuɗin kawai, na'ura ce ke yi maka aikin kana barci. Abin da dukansu ke tallatawa reshe ne na wata babbar kasuwa ta duniya. Kasuwar gaskiya ce, tana da asali da amfani, kuma saboda haka ne ma yaudarar ke shiga mutane. Bari mu faɗi yadda take, don kowa ya auna da kansa.

Duk ɗan kasuwar da ke Kasuwar Gero ko Dembe ya san tushen wannan ciniki. Alhaji mai sayen riɗi ya je wa manomi tun damina, suka daidaita cewa in kaka ta yi zai karɓi buhu ɗari, a ce kowane buhu jaka arba'in. Kaka ta zo. In buhu ya kai jaka hamsin a kasuwa, Alhaji ya ci ribar jaka goma a kan kowane buhu. In ya faɗo zuwa talatin, manomi ne ya tsira, Alhaji ya ɗauki faɗuwar. Kowannensu ya sayi kwanciyar hankali: manomi ya san abin da zai shigo hannunsa, Alhaji ya san abin da zai fita daga nasa. To lura da takardar da suka sa wa hannu. Ita ba riɗi ba ce, ba a cin ta, ba a matse ta a sami mai, amma darajarta na hawa da sauka tare da farashin riɗi. Ranar da buhu ya kai hamsin, wani zai iya zuwa ya sayi takardar daga hannun Alhaji da kuɗi mai kauri. Duk kwangilar da darajarta ke rataye da farashin wani abu daban, ita ce ake magana a kai, ko da abin auduga ne, ko mai, ko zinariya, ko kuɗin wata ƙasa, ko hannun jarin kamfani.

Turawa sun ɗauki wannan suka gina masa kasuwa. A Shikago ta Amurka 'yan kasuwar hatsi suka kafa tasu a 1848, daga baya suka daidaita irin waɗannan kwangiloli, da ake kira kwangilolin gaba, kowace da awonta da ranar cikarta, ta yadda za a riƙa sayar da su hannu zuwa hannu ba tare da an san juna ba. Yau kwangila ɗaya ta ɗanyen mai ganga 1,000 ce, ta zinariya oza 100. A tsakanin mai saye da mai sayarwa akwai gidan lamuni da ke tsaya wa kowa, yana karɓar kuɗin jingina daga ɓangarorin biyu. Kowace yamma ana lissafi. Wanda farashi ya juya wa baya a zare daga jinginarsa a ba ɗaya ɓangaren, in jinginar ta yi ƙasa a kira shi ya ciko, in ya kasa a rufe cinikinsa a ranar. A irin waɗannan kasuwanni ake yanke farashin audugar da manoman Mundu da Sar ke nomawa, a birnin New York, da kuma farashin man Brent na Landan, wanda da shi ake auna kuɗin man Doba.

Akwai wani nau'in da ake kira kwangilar zaɓi. Mutum ya biya ɗan kuɗi yanzu don ya sami damar saye ko sayarwa a kan tsayayyen farashi nan gaba. In ya ga da riba ya yi amfani da damar, in babu ya bar ta, abin da ya biya ya tafi. Ƙasar Meziko ta daɗe tana sayen irin wannan a kan manta kowace shekara, tana kashe kuɗi masu yawa, har wasu na ganin asara ce. Da farashin mai ya rushe, aka biya ta fiye da dalar Amurka biliyan 6 a shekarar 2015 kaɗai.

Mu nan mun ɗanɗani ɗaya gefen. A 2014 kamfanin mai na ƙasa, SHT, ya ciyo bashin kimanin dalar Amurka biliyan 1.4 ta hannun kamfanin Glencore don sayen kason kamfanin Chevron a rijiyoyin Doba, bisa sharaɗin za a biya da ɗanyen mai. A tsakiyar shekarar ganga ta haura dala 100. Kafin Janairun 2016 ya ƙare ta faɗo ƙasa da dala 30. Bashin yana nan yadda yake a dala, man da za a biya shi da shi kuwa ya rasa fiye da kashi biyu cikin uku na darajarsa. Ma'aikatan gwamnati ba su manta da matakan tsuke bakin aljihu guda 16 na 2016 ba, da zaftare alawus, da yajin aikin da ya rufe makarantu da asibitoci. Marigayi Shugaba Idriss Déby da bakinsa ya amsa daga baya cewa cin wannan bashi ganganci ne. Sai da aka sake fasalin bashin a 2015, aka sake a 2018, aka kuma komawa teburi har aka cimma wata yarjejeniya a Nuwamban 2022. Ƙasa guda, da ministocinta da lauyoyinta da masu ba ta shawara, ta ɗaura makomarta a kan farashin da ba ta da iko da shi, ta kwashe shekaru tana biya.

Meziko na da mai, manomi na da riɗi, kamfanin auduga na da auduga, kamfanin jirgin sama na buƙatar man da zai sha. Kowannensu yana da kaya a hannu ko buƙata a gaba, ya shiga kasuwar don ya rage haɗarin da ke kansa tun farko. Kai ɗan'uwa da ke zaune a Ambasatna ko Shaguwa da waya a hannu, wane kaya gare ka da kake karewa? Ba ka da ganga ko ɗaya. Haɗarin da ba ka da shi kake zuwa ka saya da kuɗinka.

Kuma abin da ake sayar maka a waya bai ma kai kwangilar Shikago ba. Akasarinsa wani abu ne da ake kira CFD, wato yarjejeniya tsakaninka da dillali cewa za ku biya juna bambancin farashi. Ka danna saye a kan zinariya, ba a sayo maka ko ƙwayar zinariya ba, ba a ajiye komai da sunanka a ko'ina ba. In farashi ya hau dillali ya rubuta maka riba, in ya sauka ya zare daga kuɗinka. Ba gidan lamuni a tsakaninku. Cinikin biri a sama ke nan, kuma wanda ke gaya maka inda birin yake shi ne wanda kuke cinikin da shi. Dillalai da yawa ba sa kai cinikin ƙananan masu asusu wata kasuwa, su ne ke tsayawa a ɗaya gefen, faɗuwarka ita ce ribarsu. Wannan ba zargi ba ne, yana rubuce cikin sharuɗɗan da mutane ke danna amincewa ba su karanta ba.

Babban tarkon shi ne ninki. Za a ce maka an ba ka ninki ɗari, ka ji kamar an yi maka alheri. Ga lissafin. Ka zuba jaka hamsin, wato sefa 50,000. Da ninki ɗari ka buɗe ciniki na sefa miliyan 5. In farashi ya motsa kashi ɗaya cikin ɗari ta inda ka zata, ka ci 50,000, kuɗinka ya ninka, ka kwana kana ganin ka gano sirrin duniya. In ya motsa kashi ɗaya cikin ɗari ta ɗaya gefen, jakarka hamsin ta tafi gaba ɗaya, kuma na'urar dillali za ta rufe cinikin tun kafin a kai nan, ba tare da ta tambaye ka ba. Zinariya da mai sukan yi irin wannan motsi tsakanin azahar da la'asar. Ko da hasashenka daidai ne, farashin ya dawo ya hau bayan awa biyu, kai an riga an fitar da kai. Akwai dillalan da ke ba da ninki ɗari biyar, har dubu. A ninki ɗari biyar, motsin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba ya isa ya share ka.

Ban da wannan akwai abin da ake gutsura a hankali. Duk wanda ya taɓa canji wajen 'yan canji ya san farashin saye daban, na sayarwa daban. Haka yake a waya, sai dai ana lissafa ratar a kan miliyan biyar ɗin da ka buɗe, alhali daga jakarka hamsin ake cirewa. In cinikin ya kwana a buɗe akwai kuɗin kwana, wanda kuɗin ruwa ne a kan ninkin da aka ba ka. Mai shiga da fita sau goma a rana yana biyan la'ada sau goma, ko ya ci ko ya faɗi.

Kada wani ya ce ai rashin ilimi ne ke kayar da mutanenmu. Hukumar kula da kasuwar kuɗi ta Faransa, AMF, ta bi asusun mutane kusan 15,000 na tsawon shekaru huɗu, ta fitar da sakamako a 2014: kashi 89 cikin ɗari sun yi asara, matsakaiciyar asarar mutum ɗaya ta kusa Yuro 10,900, fiye da sefa miliyan 7. Waɗannan suna hulɗa ne da dillalai masu lasisi, da intanet mai ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Binciken ya kuma nuna waɗanda suka fi yawan ciniki, suka fi daɗewa a ciki, su ne suka fi faɗuwa. A 2018 hukumar Tarayyar Turai, ESMA, ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu CFD asara suke yi. Ta taƙaita ninki zuwa talatin a kan manyan kuɗaɗe, ashirin a kan zinariya, biyu kacal a kan kirifto, ta kuma tilasta wa kowane dillali ya rubuta a jikin tallansa kashi nawa na mutanensa ke faɗuwa. A Indiya, inda ake cinikin a kasuwa ta hukuma, hukumar SEBI ta bayyana a 2024 cewa kashi 93 cikin ɗari na ɗaiɗaikun masu cinikin kwangilar gaba da ta zaɓi sun yi asara cikin shekaru uku. Ninkin da doka ta hana a ba Bafaranshe a Faris, shi ake kawo wa ɗan Njamena da sunan gata.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne na "zai hau ko zai sauka". Ka zuba kuɗi ka ce nan da minti ɗaya ko biyar farashi zai hau. In ka dace a ba ka ribar kamar kashi 80 cikin ɗari, in ba ka dace ba a cinye duka. Ka sa jaka goma sau ɗari, ka ci hamsin ka faɗi hamsin: ka samu 400,000, ka rasa 500,000. Kafin ka tashi ba ci ba faɗuwa sai ka dace aƙalla sau 56 cikin ɗari, kullum, a kan abin da ba wani ɗan'adam da ya san inda zai nufa cikin minti ɗaya. Tarayyar Turai ta haramta sayar wa jama'a wannan tun Yulin 2018. Isra'ila, inda kamfanoninsa suka yi sansani shekaru, ta haramta sana'ar baki ɗaya a 2017. Da aka kore su daga can sai suka juyo ga wayoyin Afirka da Asiya. Caca ce tsagwaronta, an sa mata zanen farashi.

Masu horarwa za su ce akwai maganin wannan: ka sa iyakar asara, na'ura ta fitar da kai da wuri. A ranar lafiya yana aiki. Amma dattawanmu na tuna Janairun 1994, da aka kwana sefa 50 na daidai da faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai 100. Farashi bai bi ta 60 da 70 ba, tsalle ya yi. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa ba zato, cikin mintuna farashi ya yi irin wannan tsalle, iyakokin asara ba su kama komai ba. Mutane suka rasa jarinsu kuma dillalai suka biyo su bashi, kamfanin Alpari na Ingila ya durƙushe. Ranar 20 ga Afrilun 2020 kwangilar man Amurka ta rufe a ƙasa da sifili, dala 37 da ɗoriya, wato mai riƙe da ita shi zai biya a karɓe ta. Dubban ƙananan masu ajiya a Sin da suka sayi irin wannan ta hannun Bank of China, suna ganin mai ya yi arha, suka tashi ba jari ga bashi. Ƙwararru ma ba su tsira ba. Bankin Société Générale, wanda mutanen Njamena suka san tambarinsa shekaru da dama, ya yi asarar Yuro biliyan 4.9 a Janairun 2008 ta hanyar kwangilolin gaba da ma'aikacinsa guda, Jérôme Kerviel, ya buɗe.

Duk wannan bayani a kan dillalin da aƙalla yake nuna maka farashi na gaskiya ne. Kaso mai yawa na abin da ke yawo a wayoyinmu bai kai nan ba, ba wani ciniki da ake yi sam. Lambobin da kake gani suna hawa wani ne ke rubuta su, ribar da aka biya maƙwabcinka kuma kuɗin wanda ya shigo bayansa ne. Maƙwabtanmu sun sha wannan. A Fatakwal kamfanin MBA Forex ya yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari kowane wata, ya daina biya a ƙarshen 2020. A Afirka ta Kudu, Mirror Trading International ya ce na'ura ce ke masa foreks, ya rushe a Disambar 2020, wata kotu a Amurka ta yanke wa shugabansa biyan dala biliyan 3.4. A Kamaru, tsallaken gadar Ngeli kawai, Liyeplimal ya kwashi kuɗin jama'a duk da gargaɗin da hukumar COSUMAF ta fitar a kansa. A Afrilun 2025 CBEX ya rufe a Najeriya bayan alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, fusatattu suka fasa ofishinsa a Ibadan, ba su tarar da abin da ya wuce kujeru da na'urar sanyaya ɗaki ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kashi 15 a wata bai yi kama da ƙarya a kunne ba, shi ya sa yake kama mutane. Ɗauki alƙalami. Jaka ɗari da ke ƙaruwa haka, ana mayar da ribar ciki, za ta zama sefa 535,000 a shekara guda, ta haura miliyan 430 a shekara biyar. Mai wannan sirri da bankunan duniya ke bi suna roƙo, me zai kawo shi zauren otal yana neman jaka ashirin ɗinka? Mai siginal kuma, tambaye shi daga ina abincinsa ke fitowa. Galibi dillali ne ke biyansa la'ada a kan duk wanda ya shigo ta hanyarsa, da kuma yawan cinikin da ya yi. Zai nuna maka ranakun da ya ci, ba zai taɓa buga maka cikakken tarihin asusunsa na shekara ba. Asusun gwaji da ake fara ba ka da kuɗin bogi ma yana cikin tallan.

Sai maganar hukuma, wadda ita ce ta fi damuna. A ƙasashe shida na CEMAC, wato Chadi da Kamaru da Gabon da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, hukumar da ke ba da izinin tara kuɗin jama'a don zuba jari ita ce COSUMAF da ke Libreville. Kasuwar hannun jarinmu, BVMAC, tana Duwala tun haɗewar 2019, abin da ake ciniki a cikinta hannayen jarin kamfanoni ƙalilan ne da takardun lamuni na gwamnatoci. Manhajar da ke wayarka ba ta bi ta can ba. Duba ƙasan shafinta, za ka ga rajistar wani tsibiri mai nisa. Da yawa suna ambaton Saint Vincent, alhali hukumar kuɗi ta tsibirin da kanta ta sanar cewa ba ta ba dillalan foreks lasisi, ba ta kuma sa musu ido. Takardar rajistar kamfani daban, lasisin riƙe kuɗin mutane daban. Dokar canji ta CEMAC da ta fara aiki a Maris 2019 ta tsaurara fitar da kuɗi waje, sai da hujja ta hannun banki, sannan a Mayun 2022 hukumar bankuna, COBAC, ta hana bankuna da kamfanonin tura kuɗi taɓa harkar kirifto. Shi ya sa ake ce maka ka tura ta Airtel Money ko Moov Money zuwa lambar wani mutum, shi kuma ya mayar maka da shi kuɗin kirifto na USDT. Daga wannan lokacin ba ka da rasit da sunan kamfanin, ba ka da ofishin da za ka je, ba alƙalin Njamena da sammacinsa zai kai inda kuɗin ya tafi.

Ga masu tambayar hukuncin addini, malamai sun daɗe da magana. Shari'a ta halatta cinikin salam, inda mai saye ke biyan kuɗi cif a zaman ciniki, kaya kuma sananne ne da awonsa da lokacin kawo shi. Canjin kuɗi da kuɗi, da cinikin zinariya, sharaɗinsu hannu da hannu. A waya ba kuɗin da aka biya cif, ba kayan da za a karɓa, ba niyyar karɓa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa kwangilolin zaɓi yadda ake yin su a kasuwannin duniya ba su halatta ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke irin wannan hukunci a 2006 a kan ciniki da ninkin da dillali ke bayarwa. Abin da dillalai ke kira asusun Musulunci kuɗin kwana kawai ya cire, sau da yawa ma a mayar da shi da wani suna, sauran matsalolin na nan daram. Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗubar Juma'a, su kira abin da sunan da samari suka san shi da shi, domin in an ce caca kawai, mai tiredin ba ya jin da shi ake.

Alhazanmu masu shigo da kaya daga Dubai da Sin da Kano, ku kuna da haɗarin canji na gaske, ban musa ba. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, saboda haka duk lokacin da Yuro ya yi rauni dala na tashi a hannunku, kamar yadda ta tashi daga ƙasa da sefa 550 a farkon 2021 zuwa sama da 670 a Satumban 2022. Masu bin hanyar Kusiri da Gamboru kuma sun ga yadda naira ta zube tun da aka sake ta a Yunin 2023. Mai irin wannan buƙata ya je bankinsa da takardun odarsa ya tambaya ko za a tsayar masa da farashi zuwa ranar biya, a rubuce, da sa hannu. Ko ya daidaita da abokin cinikinsa a kan kuɗin da za a biya da ranar. Manhajar waya ba ta kare kwantenar kowa.

Iyaye mata, ku kula da kuɗin adashi da gwala-gwalanku. In yaro ya zo yana neman aron sarƙa na mako biyu, ko ya fara kwana ido biyu yana kallon zanen ja da kore, ku zaunar da shi ku tambaye shi cikin lalama, don wanda ya faɗi kunya ke sa shi ɓoyewa, ɓoyewar kuma ke sa shi cin bashi don ya maido abin da ya rasa. Iyayen gida a kasuwa, ku duba lissafin yaran shagonku da ke karɓar kuɗi ta waya.

Wanda ke ciki yanzu ya nemi cire kuɗinsa duka yau, kada ya jira ƙarshen wata ko cikar wata garaɓasa. In sun biya, alhamdu lillahi, ya goge manhajar. In suka fara kawo dalilai, cewa ana gyaran na'ura, ko sai ya biya haraji, ko kuɗin tantancewa, ko ya kawo mutum uku, to ya tsaya nan. Ya ɗauki hoton duk saƙonnin da lambobin da ya tura wa kuɗi da ranakun, kafin a rufe zauren WhatsApp ko Telegram ɗin, ya kai wa 'yan sandan bincike ko hukumar ANSICE mai kula da laifukan intanet, ya kuma sanar da kamfanin wayar da kuɗin ya bi ta kansa. Kada ya ba kowa lambar sirrinsa ko hoton katin ɗan ƙasa. Duk wanda aka kawo wa tayin zuba jari ya nemi sunan kamfanin cikin jerin masu izini da COSUMAF ke wallafawa, ya duba jerin haramtattun shafuka na AMF, in sunan bai fito a na farko ba magana ta ƙare.

Mai jawo 'yan'uwa da abokai don ya ci la'ada ya sani ranar da abin ya rushe masu shafin ba za a gan su ba, shi za a gani, ƙofar gidansu za a cika, shi za a kai gaban mai unguwa da alƙali, ko da shi ma an cinye nasa. Bayan rushewar kuma akwai zagaye na biyu: wasu za su kira ku, su ce su lauyoyi ne ko jami'an wata hukuma ta waje, sun gano inda kuɗinku yake, ku biya kaɗan a buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne, da jerin sunayenku da lambobinku da adadin da kowa ya zuba a gabansu. Ku kashe wayar, ku ƙara lambar cikin abin da za ku kai wa hukuma.